Makaɗi da Iyayen Gidansa

A garuruwan Hausa na dā, mutum yana kwance a ɗakinsa zai iya sanin abin da gari yake ciki ba tare da ya leƙa waje ba. In ya ji tambari, ya san lamarin sarki ne, domin ba a buga wa hakimi ko attajiri shi komai yawan dawakinsa. In kalangu ya tashi daga wajen mahauta, to an yi yanka ko za a yi, mai son nama ya shirya kuɗinsa. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma tana nufin gayya a gonar wani. Garaya da goge da tsakar dare suna nufin 'yan bori sun hau tabarma. Sautin ƙwarya daga cikin gida kuwa na mata ne, ko suna ko biki, kuma namiji ya san iyakarsa zaure. Kowane rukuni na jama'a da kiɗan da ya karɓe shi, kowane kiɗa kuma da mutanen da suke cin abinci a kansa.

Waɗannan mutane su ne makaɗa, kuma abin da ake yawan mantawa game da sana'arsu shi ne, murya da hannu ƙananan jari ne a cikinta. Babban jarin makaɗi shi ne sanin mutane. Dole ya san wane ne ya haifi wane, gidan wa ya taɓa riƙe sarauta ya rasa, wa yake neman kujerar wa, wace unguwa ce take wasa da wace, wanda arziki ya fara zuwa masa da wanda ya fara guje masa. In ya yi kuskure a nan, ko muryarsa ta fi zuma zaƙi ba zai koma gida da riga ba.

Masana fannin nazarin al'adu da zamantakewar ɗan'adam sun daɗe da lura da haka. M. G. Smith, mutumin Jamaika da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya zo ne don ya fahimci tattalin arziki da tsarin mulki, amma bai iya kauce wa maroƙa ba. A 1957 ya buga maƙala guda sukutum a kan roƙo da aikin da yake yi a zaman Hausawa. Abin da ya gani shi ne, yabon da maroƙi yake yi wa mutum a bainar jama'a shela ce ta matsayinsa: asalinsa, muƙaminsa, dukiyarsa, yawan mabiyansa. Matarsa Mary Smith kuwa ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta da aka buga a 1954, kuma duk inda aka juya a littafin sai an ci karo da makaɗa, a aure, a suna, a ƙawance, a bori. Bayansu David Ames ya zauna da makaɗan Zariya, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya bi makaɗan fadar Kano da na bori. A gida kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da rarrabe azuzuwansu. Ba na raina aikin kowa a cikinsu. Amma in za a faɗi gaskiya, abin da baƙon mai bincike yake cika littattafai da shi a kan nasaba da muƙami, makaɗin fada yana riƙe da shi a ka tun kafin ya yi gemu, kuma shi ba digiri yake nema da shi ba, tuwo yake nema.

Ƙungiyar kiɗa ta gargajiya tana da tsari irin na gandu. Akwai uban kiɗi, wanda shi yake ƙulla waƙa, shi yake ja. Akwai 'yan amshi, waɗanda a ƙasar Sakkwato da Zamfara ake ce wa 'yan karɓi. Akwai masu riƙe da kayan kiɗa, kodayake a wajen makaɗan fada sau da yawa mutum ɗaya ne yake kiɗa yana karɓi. Sai kuma sanƙira ko ɗan ma'abba, wanda ba ya waƙa, aikinsa ya kutsa baki tsakanin ɗiyan waƙa yana kirari, yana fassara abin da uban kiɗi ya dunƙule, yana shelar abin da wane ya bayar da sunan wanda ya bayar. Wannan shela ba ƙaramin aiki ba ce. Kyautar da ba a yi shelarta ba rabin kyauta ce a wannan fage, domin mai bayarwa ba makaɗin kaɗai yake ba, yana nuna wa tsararrakinsa ne.

Waƙa tana da gindi, wato 'yan kalmomin da ake komawa gare su, tana kuma da ɗiya. A nan ake gane bambancin makaɗin fada da sauran. Makaɗan kotso da taushi, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Aliyu Ɗandawo, suna zama a gida su shirya waƙa, su yi ta bita da yaransu har ta zauna. Shi ya sa karɓinsu yake da wuya: uban kiɗi ya fara ɗa, yara su ƙarasa masa, wani lokaci su haɗa murya a tsakiyar jimla kamar baki ɗaya ke magana. Ba a yin wannan da ka. Shata kuwa nan take yake ƙirƙira, amshinsa gajere ne ba ya sauyawa, shi kaɗai yake yawo a kansa yadda ya ga dama. Kowanne da dalilinsa. Waƙar sarki ba ta son tuntuɓen harshe, domin kalma ɗaya da ta faɗa inda bai kamata ba tana iya jawo fushin gida guda. Waƙar dandali kuwa tana son mai saurin ido, wanda zai hango baƙon da ya shigo yanzu ya sa shi a waƙa kafin ya sami wurin zama.

Kayan aikin ma da hannu ake yin su, kuma yawancin makaɗa su suke gyara abinsu. Masassaƙi ya fafe icen kalangu ya bar masa siririn ƙugu, makaɗi ya rufe bakunan biyu da fata mai laushi, ya ɗaure da tsarkiya. Tsarkiyar nan ita ce sirrin: in ya matse ta a hammata murya ta hau, in ya saki ta sauka, har kalangu ya riƙa bin hawa da saukar maganar Hausa, mai kunne ya ji sunansa da takensa ba tare da an buɗe baki ba. Kotso baki ɗaya ake rufewa, a liƙa masa nake a tsakiyar fata, a buga da yatsu. Goge ƙoƙo ne da fatar guza da izgar doki. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗa da sanyin safiya suna kara ganga a bakin wuta don fata ta ɗame ya san sana'ar tana da nata wahalhalun da ba a gani a fage.

Shiga sana'ar hanya biyu ce, gado da haye. Ɗanƙwairo ɗan gado ne: mahaifinsa makaɗin noma ne, ya yi karɓi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa, 'ya'yansa kuma suka ɗora bayan rasuwarsa a 1991. Yaron gidan kiɗa yana fara da ɗaukar kaya, sai ƙaramar ganga, sai karɓi, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da yake sha a kunne shi ne sunaye: jerin sarakunan gari, iyayensu mata, garuruwan da suka ci da yaƙi, kirarin kowace sarauta. Ba a zaunar da shi a koya masa. Yana ji ne ana maimaitawa a ƙofar fada kowane daren Juma'a da kowace salla har ya haddace. Shata kuwa haye ya yi. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba a kiɗa, mahaifinsa bai so ba, shi ma da tallan goro da alewa ya fara.

Me ya sa mahaifi zai ƙi? A nan ne sana'ar take da wani ƙulli da ya daɗe yana ɗaure wa masu nazari kai. Da Smith ya jera sana'o'in Hausawa bisa darajar da jama'a suke ba su, makaɗa da maroƙa a can ƙasa suka faɗo, kusa da mahauta. Mutum zai cire babbar rigarsa ya ba makaɗi a fage, amma in makaɗin ya aiko neman 'yarsa sai a fara kame-kame. Malamai kuma ba su taɓa sakin jiki da abin ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin halayen sarakunan da ya yi wa jihadi. Amma jikokin masu jihadin ba su daɗe a kan gadon sarauta ba sai ga tambura da kakaki da algaita a ƙofarsu, har da naɗa Sarkin Makaɗa da Sarkin Taushi da Sanƙira. Mulki yana bukatar mai faɗa wa jama'a cewa mulki ne, kuma mai mulki ba ya iya yabon kansa da bakinsa. Kunya ta hana. Sai a nemo wanda aka yafe wa kunya, a biya shi ya faɗa, sa'an nan a raina shi saboda ya faɗa. Ni dai a ganina wannan raini haraji ne da al'umma ta ɗora wa makaɗi don kada ƙarfin da ke bakinsa ya yi yawa.

Ƙarfin kuwa akwai shi, sunansa zambo. Waƙar fada ba ta cika ba sai an taɓa abokan gabar sarki, kuma abokan gabar nan yawanci 'yan'uwansa ne, 'ya'yan sarki da suka nemi sarauta tare da shi suka rasa. Makaɗi ba zai kama suna ba. Zai siffanta tafiyar mutum, ko girman cikinsa, ko yadda rawani yake zama a kansa, ko rowarsa, ya bar sauran ga 'yan gari, su kuwa sun sani. Wanda yake son ya fahimci yadda gidajen sarauta suke gasa a tsakaninsu, da yadda 'yan'uba suke zaman doya da manja a gida ɗaya, ya saurari Narambaɗa da kunnen basira. Abin da ba a rubuta a takardun En'e ba yana nan a cikin habaicinsa. Talaka ma bai tsira ba. Maroƙin da ya tsaya a ƙofar gidanka yana yabo, kai da shi kun san cewa in ka yi kunnen ƙashi yabon yana iya juyewa. Da yawa daga kyautar da ake yi wa maroƙa ba ta jin daɗi ba ce, ta sayen mutunci ce.

Abin da ake bayarwa shi ma yana ba da labarin zamani. A dā riga ce da rawani, da damin hatsi, da doki, wani lokaci gona ko gida. Daga baya aka koma keke da rediyo, sai mota, sai kujerar Makka. Uban kiɗi ne yake karɓa ya raba, nasa kason ya fi, amma shi ma nauyin auren yaransa da sunan 'ya'yansu da rigar sallarsu yana wuyansa. Wato yadda yake bara a gidan sarki, haka yake ubangida a nasa gidan.

Shata ne ya nuna cewa iyayen gida sun sauya. Ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da 'yan mata a dandali, ya shiga da shi inda kotso kaɗai yake shiga. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma bai zama na kowa shi kaɗai ba. In ka jera mutanen da ya waƙe, za ka ga Arewa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu tana tasowa: dillalan gyaɗa da auduga, 'yan kwangila, direbobin manyan motoci, ma'aikatan gwamnati, sojoji, matan da suke da dukiyar kansu, Hausawan zango a Gana. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa. Ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da Amurkawa suka sauka a wata. Ya yi waƙar giya da ta sa malamai suka yi ta tsine-tsine, ya kuma yi ta tsayawa ga Annabi da har gobe ake sa ta a gidajen da ba sa son jin waccan. Wannan ba rikicewa ba ce, haka mutanen da yake yi wa waƙa suke. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset daga baya, su suka raba makaɗi da dole sai ƙofar mutum ɗaya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a 1999, ɗan hayen da ubansa ya so ya hana shi, ana ce masa Dokta.

Ɗanmaraya ya bi wata hanyar. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu ya bar shi ƙarami, amma shi bai koma fada ba. Shi kaɗai yake tafe da kuntiginsa, babu 'yan amshi, babu sanƙira, saboda haka babu bakuna da yawa da zai ciyar, kuma ina ganin wannan ne ya ba shi damar waƙe wanda ba shi da abin ba shi. Ya yi wa karen mota waƙa, yaron da yake kwana a kan kaya yana sa wa taya waigi. Ya yi waƙa a kan auren dole, da gulma, da zaman mai akwai da mai babu. A waƙoƙinsa na aure yakan raba murya, ya zama miji ya zama mata ya zama mai shiga tsakani, har ka ga tsakar gidan da idonka. Jos ce garinsa, garin kuza da 'yan ci-rani da lebura, inda ba a tambayar asalin mutum kafin a ba shi ɗaki haya. Ba mamaki waƙarsa ta damu da hali fiye da nasaba. Ya rasu a 2015.

Akwai kuma ɓangaren da maza masu bincike suka daɗe ba su shiga ba, don ba a barinsu. Kiɗan ƙwarya na amada a cikin gida ake yinsa: a kife ƙore a kan ruwa a cikin masaki, wasu a ƙasa, a buga da 'yan sanduna. Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, su suka fito da shi fili. Abin da Barmani take waƙewa shi ne abin da mata suke faɗa in maza sun fita: kishiya, haihuwa a kai a kai, miji mai rowa, da gorin macen da ba ta da sana'a. Wannan na ƙarshe ya fi jan hankalina. Masu nazari sun yi rubutu mai yawa a kan yadda matan kulle suke juya kuɗi daga cikin ɗaki, da ƙuli-ƙuli da fura da dashi da tallan yara. Barmani ba ta karanta ko ɗaya ba, amma ta san cewa a wajen biki, macen da take iya tashi ta yi liƙi da kuɗin da ta nema da hannunta daban take da wadda sai ta jira miji. Ta kuma san wace ce za ta biya ta. Har ɓarayi sun sami nasu: Muhammadu Gambo, wanda aka fi sani da Gambu, ya yi suna da waƙarsu kafin ya tuba ya bari, Kassu Zurmi kuma ya riƙe 'yan tauri. Duk rukunin da yake da abin alfahari da abin bayarwa, sai ya sami makaɗinsa.

Sai fiyano ta zo. Tun shekarun 1960 gidajen sinima na Kano, irin su Rex da Palace da Plaza, suke nuna finafinan Indiya, har yara suka tashi da karin waƙoƙinsu a baki ba tare da sun san ma'anarsu ba. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta yadda masu bandiri suke ɗaukar karin waƙar soyayya ta Indiya su zuba masa yabon Annabi da Hausa. Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama, musamman bayan fim ɗin Sangaya, sai aka sami sabuwar sana'a: yaro ɗaya da fiyanon Yamaha a ƙaramin ɗaki yana fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga duk shi kaɗai. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi wannan sauyi tun farkonsa. Waƙoƙin da aka riƙa kira nanaye, namiji da mace suna amsa wa juna, kusan duk a kan so suke. Dattawa suka ce lalacewa ce da kwaikwayon baƙi. Akwai gaskiya a zancen kwaikwayo. Amma tambayar da ta fi amfani ita ce, me ya sa wannan ne abin da matasa suka zaɓa su kwaikwaya, ba na Amurka ba? Fim ɗin Indiya yana magana a kan saurayi da budurwa da iyaye suka tsaya a tsakaninsu, da mai kuɗi da ya zo ya ɗauke wadda talaka yake so. Wannan ba baƙon labari ba ne a Fagge ko Tudun Wada. Makaɗan dā ba su cika waƙe shi ba don masu biyansu ba samari ba ne. Da kaset ya yi arha, saurayi ya zama mai saye, sai damuwarsa ta shiga waƙa.

A yau in ka bi titin gidan Zoo a Kano ka hau benayen da situdiyo suke, za ka tarar da sana'ar ta rabu gida-gida. Akwai mai rubuta waƙa, akwai mai rerawa, akwai 'yan mata masu amshi da ake biya a kan kowace waƙa, akwai mai kiɗa da yake zaune gaban kwamfuta. A dā uban tafiya shi ake kira makaɗi. Yanzu mawaƙi ne tauraro, mai kiɗa kuwa sau da yawa ana sallamarsa sau ɗaya, sai dai a ambaci sunansa a farkon waƙa in an yi masa kara. Kasuwar faifai ta mutu, masu tura waƙa a waya suka gaje ta, su ma YouTube da TikTok suna cin tasu. Saboda haka mawaƙi ba ya rayuwa da sayar da waƙa. Yana rayuwa da abin da kakanninsa na sana'a suka rayu da shi, wato biki da ubangida.

Waƙar biki ita ce tuwon yau da kullum. Uwar amarya ko yayarta ta kira waya:

"Malam, bikin 'yarmu ne wata mai kamawa, muna son waƙa."

"To Hajiya, Allah ya sa alheri. A turo mini sunaye. Na amarya da ango, da iyaye, da ƙawaye. Kada a manta da gwaggonni, Hajiya, su ne masu fushi."

Yana da gaskiya. Takardar sunayen nan da ake turowa ta waya, wa aka sa a gaba, wa aka bari a baya, kishiyar uwa ta shiga ko ba ta shiga ba, dangin uba sun fi yawa ko na uwa, wane Alhaji aka ce lallai a ambata ko da ba dangi ba ne, ta ishi mai nazarin zumunta aikin wata guda. Ali Jita ya yi suna da irin waɗannan waƙoƙi. Ado Gwanja kuma ya ɗauko gadon Barmani, namiji yana waƙar mata da salon ƙwarya a kan fiyano, mata suna rububinsa, masu wa'azi suna yi masa ca. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Hamisu Breaker mai suna Jarumar Mata ta sa matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna rawa a gaban mazansu suna sakawa a intanet. Gardamar da ta biyo baya ba a kan waƙar aka yi ta ba. An yi ta ne a kan tsohuwar tambaya: ina iyakar cikin gida, yanzu da waya ta shiga har ƙuryar ɗaki?

Hukuma ma ta shigo. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, kuma ikonta ya haɗa da waƙoƙi. An hana wasu, an gurfanar da wasu mawaƙa, ciki har da Aminu Ala a 2009. Amma babban ubangidan wannan zamani ɗan siyasa ne. Kowane ɗan takara da mawaƙinsa, kuma zambon da a dā ake yi wa ɗan sarkin da ya rasa gado yanzu ɗan hamayya ake yi wa, da sunan dabba ko na wata tawaya, kowa kuma ya gane. Dauda Kahutu Rarara ya fi kowa cin wannan kasuwa tun daga waƙoƙinsa na Buhari. A 2020 ya nemi masoya su tura masa naira dubu ɗaya-ɗaya kafin ya saki sabuwar waƙa, aka yi ta turawa. Roƙo ne tsagwaronsa, sai dai lambar asusun banki ta maye gurbin sanƙira. Bambancin da nake gani shi ne na tsawon zama. Narambaɗa ya tsufa a ƙofar gida ɗaya. Mawaƙin siyasa kuwa ubangidansa na shekara huɗu ne, in ya yi sa'a takwas, saboda haka wanda ya yaba bana yana iya zage shi baɗi. Ana zarginsu da rashin amana, amma su ba su ƙirƙiro sauya sheƙa ba, a wajen iyayen gidansu suka gani. Fada kuma ba ta saki nata ba: a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad, ɗan zamanin situdiyo, Sarkin Waƙarsa.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne makaɗan sana'a. Injin huɗa da maganin feshi sun rage gayya, gangar noma ta rasa fage. Maƙera sun koma walda, ba mai kiran dundufa. A biki kuma mai na'ura ɗaya da manyan lasifika ya fi ƙungiyar mutum takwas arha. Da yawa daga 'ya'yan gidajen kiɗa sun kama acaba ko sun tafi ci-rani.

Wuri ɗaya da fiyano ta kasa shiga shi ne fagen dambe. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, shi ya sa kalangu ne kiɗansa, kuma da shi Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya ɗaukaka ɗan dambe Shago har sunansa ya wuce zamaninsa. Yau ana damben a gidajen wasa na Kano da Abuja da Legas, ana ɗauka a waya ana watsawa duniya, 'yan wasa sun kasu Kudu da Arewa da Guramada. Amma har yanzu sai an kawo makaɗi da ransa ya zauna a gefen fage. Ɗan dambe ba ya tsuma da waƙar da aka naɗa. Sai makaɗin ya dube shi, ya kaɗa takensa, ya kira garinsu da ubangidansa da mazan da ya kayar, jikinsa ya ɗauki rawa, ya fito ya yi kirari ya miƙa hannu. Makaɗin kuma dole ya san wanda ya yi kisa makon jiya a wani gari da wanda aka kashe, don in ya zuga wanda ba shi ne ba, 'yan ɓangaren ba za su liƙa masa ko sisi ba.